Daga Kwanon Mazarƙwaila zuwa Takobin Fim

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa mazarƙwaila a ƙauyukan Makarfi, Kudan ko Ikara ya riga ya ga rabin wata sana'a da masoya fim ke yi a gidajensu a Amurka da Turai: ƙera kwafin kayan da jarumai ke riƙewa, irin su takobi, kwalkwali da bindiga. Ruwan rake na tafasa a ƙaton kasko, ana kwashe kumfa, har ya yi kauri. Daga nan sai zafin nama. Ga ƙananan kwanoni a jere, mai ludayi na bi yana zubawa. In ya sauke da wuri ta ƙi kamawa, in ya yi nawa ta sandare masa a kasko.

To, zubin rezin, wanda da shi ake yin kwafin kayan nan, shi ma da lokaci ake kokawa. Ruwa biyu ne a gora daban-daban, kowanne shi kaɗai ba ya daskarewa. Da an gauraya su, akasari awo ɗaya da ɗaya, sai aiki ya tashi. Wani nau'in rezin na foliyuretan minti 3 kawai yake bai wa mai zubi, cikin minti 10 ya zama tauri kamar ƙashi. Sai dai mazarƙwaila da hucewa take kamawa, shi kuwa rezin da kansa yake ɗaukar zafi, har kofin ya gagari hannu. Kuma ba a mai da shi wuta a sake narkarwa. Abin da ya ɓaci ya ɓaci.

Kwanon mazarƙwaila bakinsa ya fi gindinsa faɗi, shi ya sa da an kife take faɗowa sumul. Ƙotar takobi mai zane da lunguna ba za ta fito haka ba. Don haka ake yin mazubin da silikon, roba mai laushi da ake kwarara wa abin na asali, ta kwashe komai har sawun yatsa, sannan a ɓare ta kamar ɓawon ayaba. Yawanci ɓari biyu ake yi, da 'yan ƙulli da ramuka da ke sa su haɗu daidai, da siririyar kafa ta fitar iska. Gwani daga kusurwa guda yake tsiyayawa, siriri kamar zare, don kada kumfa ta maƙale ta bar rami a jikin aikin.

Ba wasan yara ba ne. Kamfanin Weta Workshop na ƙasar New Zealand, wanda ya yi makaman fina-finan The Lord of the Rings (2001 zuwa 2003), ya ƙera takubban ƙarfe domin ɗaukar kusa, na fagen fama kuwa da yawansu zubi ne marar nauyi. Mutum-mutumin shahon fim ɗin The Maltese Falcon na 1941 an sayar da shi sama da dala miliyan 4 a 2013, masu sha'awa kuwa zuba nasu suke yi. Kwalbar da ake fasawa a kan jarumi ma, a da, da dafaffen sukari ake yin ta.

Ina jin takaici in ga fim ɗin tarihi na Kannywood, labari ya yi daɗi, amma garkuwar dogari kwali ce da fenti. Hannun da ya iya ludayi a bakin kasko ba zai sha wahalar koyon wannan ba. Yanayinmu ma ya taimaka: laima ce abokiyar gabar foliyuretan, ɗigon ruwa kaɗan sai ya tashi da kumfa, ga hunturunmu busasshe ƙayau, daidai lokacin da rake ke kan ganiyarsa. Zafin bazara kuwa rage mintocin nan yake yi.

Matsalar ita ce silikon da rezin daga waje ake shigo da su, kuɗinsu na bin dala. Kuma rezin da tururinsa na cutar da huhu da fata, dole sai da safar hannu, a wurin da iska ke shiga, nesa da kwanon abinci da yara.