Wai Kifi Ba Ya Ƙarewa?

Akwai wata magana da na gaji da ji a bakin ruwa, daga Diggi har Kalgo da Bunza. Da zarar ka ce wa mutum ya daina jan taru da gidan sauro, ko ya daina zuba gamalin a tafki, sai ya kada baki ya ce: "Haba malam, kifi ai halittar Allah ne, ba ya ƙarewa." Halittar Allah ne kam, babu musu. To, zaki da raƙumin dawa halittar wa ne? Wa ya ƙara ganinsu a dazukanmu?

Lissafin ba shi da wuya. Yawan kowace halitta haihuwa ke ƙara shi, mutuwa ke rage shi, abinci da wurin zama da cuta da masu farautarta kuma su ke yanka masa iyaka. Mai kiwon ƙarfasa ya san haka: in ta cika tafki fiye da abincin da ke ciki, sai duk ta tsumbure.

Hujjar masu wannan magana ita ce ƙwai. Gaskiya ne, tarwaɗa guda tana zubar da ƙwai dubbai masu yawa a damina ɗaya, giwan ruwa kuwa har miliyoyi. Amma nawa ke kai wa girma? Wasu ruwa ya janye ya bar su a rana, wasu ƙwarin ruwa da tsuntsaye su cinye, wasu ma manyan tarwaɗa ne ke haɗiye su. A ruwan da kifinsa bai ƙaruwa bai raguwa, duk ƙwan da uwa ta zubar a rayuwarta, kimanin biyu ne kacal ke rayuwa su maye gurbinta da na ubansu. Yawan ƙwan nan ba rara ba ne da aka ajiye maka, da ƙyar yake biyan asarar da ake yi tun kafin kai ka shigo da gidan sauronka.

Kuma haihuwa da iyaye take tafiya. A ce kifi yana ninkawa duk shekara: in ka bar dubu, baɗi ka sami dubu biyu, in goma ka bari, ashirin za ka tarar. Mai kwashe 'ya'yan kifi daidai yake da manomin da ya surfe irin shukarsa ya yi tuwo, sannan ya zauna jiran kaka.

Ko teku ma ya gaza. A gabashin Kanada an shafe ɗaruruwan shekaru ana kama wani kifi ana cewa ba ya ƙarewa, sai ga shi a 1992 gwamnati ta rufe sunsa gaba ɗaya, mutane kusan 30,000 suka rasa sana'a. Ina ga tafkin fadama da kan ƙafe a bazara?

Ba masunta kaɗai ke da laifi ba, madatsun Bakolori da Goronyo ma sun sauya yadda ruwa ke malala a fadamun Gulbin Rima. Sai dai wannan ba ya hannunmu. Gamalin kuwa yana hannunmu. Guba ce da duniya ta amince a haramta tun 2009, ba ta zaɓen babba da ƙarami, tana kashe har ƙwarin da kifi ke ci, shanun Fulani su sha ruwan, 'ya'yanmu su ci kifin. Wannan ba su ba ne, ɓarna ce.

Ba sai mun je nesa neman darasi ba. Abin da ya sa ake fito da ƙattin giwan ruwa a Matan Fada, kamar mai kilo 78 na bikin Argungu na 2020, shi ne ana hana su a wurin har ranar biki, Sarkin Ruwa yana gadi.

Saboda haka a mayar da gidan sauro kan gado, inda aka raba shi domin zazzaɓin cizon sauro. A yi amfani da raga mai faɗin ido wadda ƙananan kifi za su ratsa. In ruwan fari ya shiga ciyawar fadama, lokacin da tarwaɗa ke hawa zubar da ƙwai, a ɗaga mata ƙafa. Kada a toshe bakin rafi kaf sa'ad da ruwa ke janyewa, ta nan 'ya'yan ke komawa gulbi. Kowane gari ya ware tafki ɗaya da zai huta shekara guda, a riƙa juyawa. Mata masu suya da 'yan banda, ku daina sayen kifin da bai kai yatsa ba. In babu mai saye, babu mai kamawa.

Hakimai da sarakunan ruwa na ƙasar Gwandu, ku zauna ku sa doka kafin damina mai zuwa, limamai su sanar da ita ranar Juma'a, wanda aka kama da gamalin kuma a miƙa shi ga hukuma ko ɗan wane ne.