Kwalemar Gida da Wankin Ciki: Ina Duba-Garin Kontagora?

Duk lokacin da Hukumar NAFDAC ta ja kunnen jama'a kan jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da sunan wankin ciki, wankin jini ko wankin ƙoda, sai ka ji ana cewa an ɗaura yaƙi da maganin gargajiya. Haka aka yi ta faɗa a 2023 da ta rufe wani wurin haɗa irin wannan jiƙo a Jihar Kaduna. Yau ka zaga tasha ko kasuwar Kontagora, mai lasifika na nan yana rantsuwa cewa kwalba ɗaya za ta fitar da dattin shekara goma, ta kori basir da shawara da taifot. Ana kuwa saye, musamman bayan sallah idan nama ya yi wa ciki nauyi.

Bayanin likitoci gajere ne. Hanta ke sarrafa guba, ƙoda kuma na tace kimanin lita 180 na ruwan jini kullum. Gudawar da jiƙon ke sawa, wadda mai sha ke murnar datti ne ke fita, ruwan jikinsa ne ke tsiyayewa, ƙodar kuma ita ke shan wahalar. Taimakon da za a yi wa hanta da ƙoda shi ne a rage abin da ake ɗora musu, mafi yawansa kuwa daga cikin gida yake fitowa.

Kontagora ƙasar masara ce da gyaɗa. Idan aka ɗura su a buhu ba su gama bushewa ba, aka jingine a ɗaki mai laima, sai su yi fumfuna, daga nan gubar aflatoksin ke samuwa. An gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa musu da gyaɗa. Dafuwa ba ta kawar da ita, kuma tana cikin manyan musabbaban dajin hanta. Ɓeran da ke fitsari a kan hatsi kuma shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa. Ashe kwalemar da iyayenmu mata ke yi gab da azumi ko kafin faɗuwar damina, a fito da kwalla da langa a wanke, a shanya tabarmi da katifa, a kakkaɓe yana, a turara randa, maza su yaɓe rumbu su yashe rijiya, magani ce tun kafin ciwo ya zo.

A da akwai mai tsaye a kan wannan aiki. A zamanin En'e duba-gari na shiga gida-gida da kakinsa. Zai leƙa randa ko akwai 'ya'yan sauro, ya duba murfin salga, ya bi kwatami, ya wuce mayanka ya ga naman da za a kai kasuwa. Wanda ya gaza sai gaban alƙali a ci shi tara. Tun 1932 ake horar da su a Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, a masarauta irin tamu kuma ikon Sarkin Sudan ke bayansu ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwa. Ba dukansu ne salihai ba, an sha kuka da masu karɓar na goro. Duk da haka, jin an ce yana tafe kan sa unguwa guda ta ɗauki tsintsiya.

A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja, aka maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, sai aikin ya shiga dusashewa. Yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiyagbon, wanda aka fara a 1984, ya kawo sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. An ga amfaninta, sai dai ta mayar da aikin kullum na wata-wata, ta kuma tsaya bakin titi, ba ruwanta da randa ko rumbu. A 2002 an kafa majalisar rajistar jami'an lafiyar muhalli, tsarin mulkin 1999 kuma ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi. To yaushe rabon da wani jami'i ya yi sallama a ƙofar gidanka? Ambaliyar Mokwa ta Mayun 2025, wadda ta ci rayuka sama da 150, ta isa ta sa kowane shugaban ƙaramar hukuma a jihar nan ya je ya ga magudanan garinsa da idonsa.

Batun tukunya kuma ba sabon abu ake nema ba. Tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, wake, kwaɗon zogale da na rama, kunun tsamiya, gwanda da mangwaro, su ke sa ciki ya sauka lafiya ba murɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan marmari kullum, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Uwargida, rage dunƙule ki ƙara daddawa. Maigida, kuɗin lemon kwalba su koma wajen mai ganye. Wanda ciwo ya kama kuma ya nufi Babban Asibitin Kontagora a gwada shi kafin ya sha komai.

Kiranmu ga ƙaramar hukuma da hukumar kare muhalli ta jiha (NISEPA) da fadar Sarkin Sudan shi ne a dawo da duba-gari, a ba shi albashi da abin hawa da dokar da za ta tsaya masa. Kai kuma mai karatu, kafin ruwan farko ya sauka, fito da buhunan nan ka shanya, ka tsince masu fumfuna ka zubar, kada ka kai su kasuwa.