Shekara nawa rumbun kwamfuta ke yi kafin ya mutu?

'Yan uwa mazauna Agege, Sabon Ibadan da Fatakwal kan kira ni neman shawara idan za su sayi laftof ta hannu, kuma tambayarsu ba ta wuce batiri da girman allo. Da wuya wani ya tambayi shekarun rumbun ajiyarta, wanda masu gyara ke kira had-dis, alhali a cikinsa lissafin bashi, takardun fili, hotunan biki da aikin kammala karatun ɗalibi suke kwance.

Shi had-dis inji ne mai motsi. A cikinsa akwai faifai da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba. Abin da ke juyi haka kuwa dole wata rana ya gaji.

A 2013 kamfanin Backblaze na Amurka, mai ajiye wa mutane bayanai, ya fitar da alƙaluman rumbuna kimanin 25,000. A wata 18 na farko, wajen biyar cikin ɗari ke mutuwa a shekara, galibi masu lahani daga masana'anta. A wata 18 na biyu adadin bai kai biyu ba. Da an wuce shekara uku sai ya haura kusan 12 cikin ɗari. Bayan shekara huɗu, ɗaya cikin biyar ya riga ya tafi. Kuma fa waɗannan rumbuna ne da ke zaune wuri guda, wutarsu ba ta yankewa.

Nan Kuru kusa da Jos inda nake zaune, nakan ji ana cewa sanyinmu na ƙara wa kwamfuta kwana. Amma binciken da Google ya wallafa a 2007 kan rumbuna sama da 100,000 ya nuna matsakaicin zafi ba ya kashe su yadda ake zato. Don haka mutanen Legas kada ku ɗora wa zafi laifin duka. Abin tsoro a wurinmu da wurinku ɗaya ne: ɗauke wuta ana tsakar aiki, wutar janareta mai hawa da sauka, da jijjiga ko faɗuwa alhali kwamfutar na kunne.

To, idan ka je Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba, ka ce mai shago ya buɗe maka manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce. Za ta nuna awannin da rumbun ya yi yana aiki. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, ke nan idan ka ga sama da 26,000, ya yi aikin shekara uku ba hutu. Shuɗi na nufin lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi ne, ja kuwa kada ka saya.

Ranar da ka fara jin ƙas-ƙas daga cikin kwamfuta, ko fayil ya ƙi buɗuwa, kwashe kayanka nan take kafin ka nemi mai gyara. Sabon samfurin da ake kira SSD ba shi da faifai, ya fi jure jijjiga, sai dai shi ma yana mutuwa, sau da yawa ba sallama.

Shawarata ita ce duk abin da ba za ka iya rasawa ba ka ajiye shi wuri uku: a kwamfutar, a filashi ko wani rumbu daban, sannan a intanet kamar Google Drive. Filashin kuma kada ya kwana a jaka ɗaya da laftof ɗin.