Ko Kun Sani? Masallaci Mai Shekara Dubu a Toledo

Daga Madrid, babban birnin Sifaniya, tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa mai gudu zuwa tsohon birnin Toledo. Shi ya sa masu yawon buɗe ido kan yi sammako su je, su dawo kafin dare.

Garin bisa tudu yake, kogin Tagus ya kewaye shi ta gefe uku. Galibin baƙi kan nufi babban cocin da aka fara ginawa a 1226, amma wanda ya wuce ɗan masallacin Bab al-Mardum ya yi asara. A shekarar 999 aka gina shi, tsawonsa da faɗinsa kusan mita takwas-takwas ne kacal. Ginshiƙai huɗu ne a tsakiya, rufin ya kasu ƙananan kubbobi tara, kowacce da irin adonta. A bangon waje kuwa, da jan bulo aka jera rubutun Larabci mai ɗauke da sunan wanda ya sa aka yi ginin.

Sarki Alfonso na shida ya ci garin a 1085, daga baya aka mai da masallacin coci.

Mai niyyar zuwa ya tanadi takalmi mai daɗin tafiya, don lungunan garin hawa da gangara ne.