Tattalin Makamashi: Me Ya Sa Gwamnatoci Da 'Yan Kasuwa Suka Mai Da Hankali Gare Shi?

Makamashi shi ne duk abin da ake ƙonawa ko ake amfani da ƙarfinsa don a yi wani aiki. Itacen girki makamashi ne, haka gawayi da kananzir da fetur da man dizal da wutar lantarki. Da shi ake dafa tuwo, da shi injin niƙa yake juyawa, kuma da shi mota take kai amfanin gona kasuwa.

A 'yan shekarun nan ana yawan jin maganar tattalin makamashi a rediyo da bakin jami'an gwamnati. Wasu sun ɗauka ana nufin mutum ya kashe fitila ya zauna cikin duhu, ko ya rage girki. Ba haka ba ne. Abin da ake nufi shi ne a yi aikin da aka saba yi, ya fito yadda ake so, amma da makamashi kaɗan. Idan tulu yana yoyo, mai hankali yakan fara liƙe tulun kafin ya ƙara zirga-zirga zuwa rijiya.

Misali da ƙwan lantarki

Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, wanda yake ƙuna idan an taɓa shi, yawancin wutar da yake sha zafi take zama. Kimanin kashi 90 cikin ɗari na tafiya ne a zafi, ɗan abin da ya rage shi ne haske. Sabon ƙwai da ake kira LED mai ƙarfin wat 9 yana ba da haske daidai da tsohon mai wat 60.

Ga lissafin yadda abin yake. Idan mai shago ya kunna tsohon ƙwai awa shida kullum har wata guda, zai sha wuta kusan yunit 11. Sabon kuwa bai kai yunit biyu ba. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai farashin yunit ɗaya zuwa Naira 225 ga waɗanda suke rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana. A bisa wannan farashi, tsohon ƙwai zai ci Naira 2,430 a wata, sabon kuma Naira 365. Wanda yake da ƙwai goma sai ya ninka ya gani. Haske ɗaya ne, kuɗin ne suka bambanta.

Yadda maganar ta samo asali

Kafin 1973 man fetur yana da araha a duniya, saboda haka ƙasashen Turai da Amurka ba su damu da yawan abin da suke ƙonawa ba. A wannan shekara ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka tsuke hannu saboda yaƙin da aka yi da Isra'ila, sai farashin mai ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Masana'antu suka shiga wahala, motoci suka yi dogayen layuka a gidajen mai.

Daga nan gwamnatoci suka farga. A 1975 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin ƙera motoci su rage yawan man da motocinsu suke sha. Japan, wadda kusan duk man da take amfani da shi sayowa take yi daga waje, ta yi dokar tattalin makamashi a 1979. Ƙasashen Tarayyar Turai kuma sun hana sayar da tsohon ƙwan lantarki sannu a hankali daga 2009 zuwa 2012. A taron sauyin yanayi da aka yi a Dubai a 2023, ƙasashen duniya sun amince su ninka saurin da suke yi wajen tattalin makamashi kafin shekarar 2030.

Darasi daga Ghana da Indiya

Ba ƙasashen Turawa kaɗai suka ci moriyar wannan dabara ba. A 2006 da 2007 ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo, inda Ghana take samun kaso mai yawa na wutarta, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Gina sabuwar tashar lantarki yana ɗaukar shekaru, ga kuma tsada. Sai gwamnati ta sayo ƙwan lantarki marasa shan wuta guda miliyan shida, ta raba wa jama'a kyauta a 2007, tana karɓe tsofaffin. Wannan kawai ya rage wutar da ake ja da daddare da kimanin megawat 124. Don mai karatu ya gane girman wannan adadi, injunan da aka girka a madatsar Kainji a wancan lokaci ƙarfinsu megawat 760 ne. Ke nan canjin ƙwai ya samar wa Ghana kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin Kainji, ba tare da an aza tubali ko ɗaya ba.

Ghana ba ta tsaya nan ba. Ta sa a riƙa manna wa firiji da na'urar sanyaya ɗaki takarda mai taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Yawan taurari shi ne alamar ƙarancin shan wuta, don haka ko wanda bai yi karatu mai zurfi ba yana iya ƙirgawa ya zaɓa. Daga 2013 kuma ta fara hana shigo da tsofaffin firiji na gwanjo, saboda suna shan wuta fiye da kima.

Indiya ta bi wata hanya. Daga 2015 wani kamfanin gwamnati ya riƙa sayen ƙwan LED miliyoyi a lokaci guda. Sayen sari irin wannan ya karya farashin ƙwarai, har talaka ya iya saye. An raba fiye da ƙwai miliyan 360 ta wannan shiri.

Halin da ake ciki a Nijeriya

Nijeriya tana da mutane fiye da miliyan 200, amma wutar da take rabawa ba ta cika wuce megawat 5,000 ba. Shi ya sa janareto ya zama dole ga mai walda da tela da mai aski da mai sayar da ƙanƙara. Ƙarancin wuta da tsadar mai suna cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙu da yawa a Kakuri ta Kaduna da Sharaɗa da Bompai a Kano, dubban ma'aikata suka rasa abin yi.

Shekara da shekaru tallafin man fetur ya ɓoye wa jama'a ainihin tsadar makamashi. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Tun daga nan duk mai sana'ar da ke ƙona mai ya fara lissafin da da can ba ya yi.

A ɓangaren gwamnati akwai tsare-tsare a rubuce. A 2015 aka amince da manufar ƙasa kan makamashi mai sabuntuwa da tattalin makamashi. A 2017 aka ƙaddamar da ƙa'idar gine-gine wadda take neman a tsara gini yadda iska za ta ratsa, zafin rana kuma ya ragu, don kada a dogara da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana. Magina na gargajiya a ƙasar Hausa sun riga sun san wannan, domin soro mai kaurin bango yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ita ma ta fitar da ma'aunin shan wuta na ƙwan lantarki da firiji da na'urar sanyaya ɗaki. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuwa ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu.

Inda gizo yake saƙa

Rubuta doka daban, aiki da ita daban. Kasuwanni cike suke da tsofaffin firiji na gwanjo da jabun ƙwan LED da ke mutuwa cikin 'yan makonni. Wanda ya sayi jabu sau biyu sai ya yanke ƙauna ya koma ga tsohon da ya sani.

Matsala ta biyu ita ce rashin mita. Gidan da ake kawo wa takardar kuɗin wuta bisa ƙiyasi, ko ya yi tattali ko bai yi ba kuɗin ɗaya ne, don haka babu abin da zai sa ya damu. Ta uku ita ce kuɗin farko. Kaya mai inganci ya fi tsada ranar saye, kodayake ya fi sauƙi idan an daɗe ana amfani da shi. Mai ƙaramin jari yakan duba abin da ke aljihunsa yau, ya manta cewa araha ba ta ado. A nan ne ake bukatar rance mai sauƙi daga gwamnati ko ƙungiyoyin gama kai. Ta huɗu kuwa, ofisoshin gwamnati da yawa ana tashi aiki a bar fitilu da fanka a kunne, saboda ba daga aljihun kowa ake biya ba.

Abin da ya shafi mutanen karkara

A ƙauye babban makamashi shi ne itace. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafin wutar a iska, abin da yake shiga tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin ɗari ba. Ingantaccen murhu na laka ko na ƙarfe yana tattara wutar a gindin tukunya, ya rage itace, ya kuma rage hayaƙin da yake cutar da idanu da ƙirjin mata da yara. A Jamhuriyar Nijar an daɗe ana amfani da irin wannan murhu na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ita ma ta yi aiki a kan ingantattun murahu. Ga mai ƙosai da mai tuyar ƙuliƙuli da masu turara shinkafa da gidajen burodi, duk damin itacen da aka rage riba ce. Ga gari kuma, bishiya ce ta tsira a inda hamada take matsowa.

Mai injin niƙa shi ma yana da abin yi. Bel da ya saki, da haƙoran inji da suka dakushe, da matatar iska da ƙura ta toshe, duk suna sa inji ya sha mai fiye da yadda ya kamata. Haka tayar mota ko ta babur idan iska ta yi mata kaɗan. Mai sayar da ruwan sanyi ya duba robar bakin ƙofar firijinsa, kada kuma ya ajiye shi inda rana take duka. Manomin rani ya toshe yoyon tiyo, ya yi ban ruwa da safe ko da yamma, don kada rana ta shanye ruwan da aka ƙona fetur aka jawo.

Hanya mafi sauƙi ta farawa ita ce rubutu. Mai sana'a ya sami ɗan littafi, kullum ya rubuta litar man da ya saya da yawan aikin da ya yi da ita, misali kwano nawa aka niƙa. Bayan ya gyara injinsa sai ya sake rubutawa ya kwatanta. Abin da manyan kamfanoni suke biyan ƙwararru su yi musu ke nan, kuma duk wanda ya iya karatu da lissafi zai iya yi wa kansa. Kwalbar mai ɗaya a rana ba ta da yawa a ido, amma a shekara kwalba 365 ce, da yayyafi kuwa kogi yake cika.