Baka da Kibiya a Mubi: Daga Dajin Farauta Zuwa Filin Gasa

Ran 29 ga watan Oktoba na shekarar 2014 garin Mubi ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, dubban jama'a suka watse, waɗansu suka nufi Yola, waɗansu suka haye duwatsu suka shiga ƙasar Kamaru. Da aka ƙwato garin a tsakiyar watan Nuwamba na wannan shekara, cikin waɗanda suka dafa wa soja har da mafarauta, masu bindigogin harbi-ka-ruga da adduna da masu da kwari da baka. Tun daga ran nan mutanen Mubi suka daina duban maharbi a kan wani mutumin daji kawai.

To, amma yau ga abin da ke gaban wannan sana'a. Namun daji sun ja baya, gonaki sun cinye yawancin dazuzzukan da ake farauta a da, wuri kamar gandun dajin Gashaka-Gumti kuwa doka ta hana harbi a cikinsa. Samari sun fi karkata ga bindiga, tsofaffin da suka san sirrin baka kuma suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Idan ba a samar wa baka wani fage ba, nan gaba kaɗan sai dai a riƙa ganinsa ranar hawan salla. Wannan fage kuwa akwai shi, watau gasar harbin kibiya, wadda ƙasashen duniya suke gwada gwanintarsu a cikinta.

GADON DA AKA TARAS

Harbi da baka ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A yaƙin Tabkin Kwatto na shekarar 1804, 'yan baka ne na jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka karya dawakin Gobir. A gindin duwatsun Mandara kuma, inda Mubi take a bakin kogin Yedzaram, Fali da Gude da Margi da Higi da Filani duk sun san baka tun kaka da kakanni, har yanzu kuma sarautar Sarkin Baka tana nan a garuruwa da yawa na Arewa.

Bakan gargajiya itace ne guda, da tsarkiya ta murɗaɗɗiyar fata. Kibiyarsa kyauro ce da bakin ƙarfe mai kunnuwa, ba a sa mata gashin tsuntsu, ƙarfinta kuma yana ga dafin ƙwanƙwani da ake shafa mata. Saboda haka maharbi ba ya bukatar harbi daga nesa. Gwanintarsa ita ce sanɗa, har ya kusanci nama. A filin gasa kuwa al'amarin ya juya: ba sanɗa, ba dafi, sai nisa da daidaito.

BAKAN ZAMANI

Bakuna iri biyu ne suka fi shahara a gasa. Na farko shi ne mai lanƙwasassun kunnuwa, wanda ake kira rikab. Na biyu shi ne kamfawun, watau baka mai fayafayai, wanda wani Ba'amurke mai suna Holless Wilbur Allen na jihar Misuri ya ƙago don farautar barewa, aka ba shi takardar mallakar fasahar a shekarar 1969.

Hikimar wannan baka tana ga fayafayan nan biyu da ke bakin rassansa, waɗanda tsarkiya da igiyoyi ke zagayawa a kansu. In maharbi ya fara ja sai ya ji nauyi ƙwarai, amma da ya kai ƙarshen ja sai fayafayan su juya, su ɗauke masa kashi 65 zuwa 85 cikin 100 na nauyin. Ashe ke nan mai jan baka na laba 60 zai tsaya riƙe da laba 15 ko kusa da haka, ya yi saiti a natse hannunsa bai yi rawa ba. Sai dai duk abin da ya cika sassa, ya cika bukatar kulawa.

YADDA AKE KULA DA SHI

Abu na farko, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kada a kuskura a ja baka a saki babu kibiya a kai. Dalili kuwa shi ne, ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya sai ya komo kan bakan, tsarkiya ta tsinke, fayafayai su lauje, wani lokaci reshe ya tsage ya ji wa mai shi ciwo a fuska. Yawancin irin wannan ɓarna a hannun 'yan kallo take faruwa, masu cewa a ba su su ɗana. Kibiya marar nauyi ƙwarai ita ma kusan haka take yi wa baka.

Na biyu tsarkiya. Ba ta fata ba ce, zaruruwa ne na roba masu ƙarfi aka murɗa. Da an ga ta fara yin gashi-gashi, ta bushe ke nan, sai a shafa mata kakin da aka yi dominta, a murza da yatsu har ya narke ya shiga ciki, sa'an nan a share abin da ya yi saura. Ba a shafa kaki a wuraren da aka naɗe da zare, ko inda take bi ta kan fayafayai, gama can sai ya tara ƙura. In ko zare ɗaya ya tsinke, to, ba sauran harbi sai an sake ta. Ko ba ta nuna alamar komai ba, maharbi ya kamata ya sake ta bayan shekara biyu ko uku.

Na uku yanayi, nan ne kuwa mutumin Mubi zai fi yin hattara. Da hunturu ƙura takan shiga ramin fayafayai ta riƙa cin tsarkiya kamar yashi, don haka a share su da busasshen ƙyalle bayan kowane harbi. Da bazara, watannin Maris da Afrilu, kada a bar baka a rana, ko cikin mota a rufe, ko a rataye dab da rufin kwano, domin zafi yana miƙar da tsarkiya ya kuma raunana rassa. Da damina a tsane shi sarai kafin a mayar cikin jaka, don kada kusoshi su yi tsatsa.

Na huɗu dubawa kafin harbi. A bi kusoshi a ga ko wani ya saki. A shafa auduga a jikin rassa; in ta maƙale a wani wuri, akwai tsaga. Kibiyar zamani, wadda ake yi da kabon, a ɗan lanƙwasa ta kusa da kunne a juya. In ta yi ƙara, a karya ta a yar, domin tsagaggiyar kibiya takan fashe lokacin saki ta shige hannun da ke riƙe da baka. Daga ƙarshe, ba a kwance tsarkiyar kamfawun da hannu kamar ta bakan gida. Akwai matsi na musamman da ake danne rassan da shi, wanda ba shi da shi kada ya gwada. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai shirin gasa tun da sauran makonni yake gama gyaransa.

DOKOKIN FILI

Hukumar da ke kula da wannan wasa a duniya an kafa ta a ƙasar Folan a shekarar 1931, Nijeriya ma tana da tata hukumar ta ƙasa. An yi harbin kibiya a wasannin Olimfik na 1900 da 1904 da 1908 da 1920, sa'an nan aka ajiye shi, sai a Munik a 1972 aka komo da shi.

Mai rikab yana tsayawa mita 70 daga allon harbi mai faɗin santimita 122. Mai kamfawun kuwa mita 50 ne, allonsa santimita 80, da'irar tsakiya mai maki 10 kuma santimita 8 kacal, ba ta kai tafin hannu ba. A zagayen share fage kowa yana harba kibiya 72, shida-shida, maki mafi yawa 720. Daga nan sai karon mutum biyu-biyu, inda masu kamfawun ke harba kibiya 15 kowannensu, mai maki mafi yawa ya wuce. A gasar cikin ɗaki nisan mita 18 ne. Ba a yarda nauyin jan kamfawun ya wuce laba 60 ba, watau wajen kilo 27, kibiyar farauta mai kaifi kuma ba ta shiga fili. Sa'an nan ba mai taka layi ya je cire kibiya sai alƙali ya ba da alama.

Shekaru da dama rikab kaɗai ake yarda da shi a Olimfik. Amma a watan Afrilu na 2025 aka ba da sanarwa cewa kamfawun zai shiga wasannin Los Anjalis na 2028, a gasar namiji da mace su biyu a ƙungiya ɗaya. Wannan ya nuna ƙasar da ta bar 'yan matanta a baya ta rufe wa kanta ƙofa.

INA ZA A FARA?

Kuskuren sabon shiga shi ne ɗokin baka mai nauyi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a fara da baka mai sauƙi na laba 20 ko ƙasa da haka, a nisan mita 10, har tsayuwa da riƙo da saki su zauna, kana a ƙara nisa. Tsawon ja kuma sai ya dace da jikin mutum. Yadda ake ƙiyasta shi, mutum ya buɗe hannuwansa, a auna daga ɗan yatsa zuwa ɗan yatsa da inci, a raba da biyu da rabi. Wurin koyo ya zama yana da tudu ko bango a bayan allo, nesa da hanyar mutane da dabbobi. A kuma riƙe ɗan littafi ana rubuta makin kowace rana.

Gaskiya ne kayan nan daga waje ake kawo su, suna kuwa da tsada. Amma maƙwabciyarmu Chadi ta ba da misali. Israel Madaye, mai aikin wutar lantarki, wanda ya yi ta koyon harbi a wata maƙabarta a Injamena saboda rashin fili, ya kai ga wasannin Olimfik na Faris a 2024. Ya kara da Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu, wanda ya ci zinariya uku a can. An ka da shi, har wata kibiyarsa ta sami maki 1 tak, amma ya tsaya a layi ɗaya da gwanin duniya.

Mubi tana da abin da Madaye bai samu ba. Tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, masu filaye da ɗalibai. Tana da ƙungiyoyin mafarauta masu shugabanni da ladabi. Tana da maƙera da kafintoci da za su iya yin allo da maƙalarsa. Ya kamata hukumar wasanni ta jiha da masarauta da makarantun nan su haɗa kai, a keɓe fili ɗaya, a sayo bakunan koyo ko da goma ne, a nemi mai horarwa daga hukumar ƙasa, a kuma buɗe aji na bakan gargajiya domin tsofaffin maharba su nuna abin da suka gada. Mutanen da suka tsaya wa garinsu da baka a 2014 sun cancanci su ga 'ya'yansu suna ɗaga shi a filin da ba a zub da jini.