Yadda majami'u ke tara kuɗi da kiɗa, daga Landan zuwa Zuru

Da misalin ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da ma'aikata ke fita hutun cin abinci, majami'u da dama a tsakiyar birnin Landan kan buɗe ƙofofinsu ga duk mai sha'awar sauraron kiɗa.

Ba taron ibada ba ne, ba a kuma tambayar mai shiga addininsa. Mutum kan zauna na tsawon minti 45 ko sa'a guda, ya saurari makaɗa, sannan ya ajiye abin da ya sawwaƙa a bakin ƙofa, ya koma bakin aikinsa. A wasu wuraren kuma akan sayi tikiti mai rahusa.

Kiɗan dai iri-iri ne. Yau a ji mai fiyano, gobe masu goge irin na Turawa, jibi ƙungiyar mawaƙa ko masu kiɗan jaz. Da yawa daga cikin makaɗan ɗalibai ne daga makarantun koyon kiɗa, waɗanda ke neman inda za su gwada ƙwarewarsu a gaban jama'a.

Kuɗin da aka samu kan tafi ne wajen gyaran rufi, da biyan kuɗin wuta da na ɗumama gini a lokacin hunturu, da kuma ayyukan taimakon marasa galihu.

Asalin al'adar

Abin da ya fito da kiɗan tsakar rana fili a Birtaniya shi ne yaƙin duniya na biyu. A shekarar 1939 an rufe gidajen kiɗa da na wasanni a Landan saboda fargabar jiragen yaƙin Jamus, aka kuma kwashe zane-zanen da ke babban gidan adana zane na National Gallery zuwa yankin Wales.

Wata fitacciyar mai kaɗa fiyano, Myra Hess, ta nemi a ba ta aron ginin da aka bari babu kowa. A ranar 10 ga watan Oktoban 1939 aka yi taro na farko, kuɗin shiga sule ɗaya.

An zaɓi tsakar rana ne saboda da dare akan kashe fitilun birni. Aka ci gaba da taron har zuwa watan Afrilun 1946, inda aka yi shi sau 1,698, ribar kuma ta shiga wani asusu na tallafa wa makaɗa.

Daura da wannan gini, a dandalin Trafalgar, akwai majami'ar St Martin-in-the-Fields da aka kammala a 1726. Ita ce ta fi yin suna wajen riƙe wannan al'ada bayan yaƙin. A cikinta ne ƙungiyar makaɗan da Neville Marriner ya kafa ta yi wasanta na farko a 1959, ta kuma ɗauki sunan majami'ar zuwa sassan duniya.

Majami'ar na da gidan cin abinci a ƙarƙashin ƙasa, kuma ta daɗe tana hidimar marasa matsuguni. Gyaran da aka yi mata daga 2006 zuwa 2008 ya ci fam miliyan 36.

Me ya sa sai da kiɗa?

Ko da yake Cocin Ingila ita ce cocin hukuma, kuma sarkin ƙasar ne shugabanta, ba a cikin kasafin gwamnati ake kula da gine-ginenta na yau da kullum ba. Nauyin kowace majami'a yana wuyan mabiyanta ne.

Hakan ya sha bamban da Jamus, inda hukuma ke karɓar harajin coci na kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin kuɗin shigar duk wanda ya yi rajista a matsayin mabiyi. A Faransa kuwa, majami'un Katolika da aka gina kafin dokar 1905 galibinsu mallakar ƙananan hukumomi ne.

Cocin Ingila na da gine-gine kimanin dubu 16, kuma mafi yawansu doka ta sa su cikin jerin kayan tarihi. Wannan na nufin ba a yi musu kwaskwarima yadda aka ga dama, sai da ƙwararru da kayan aiki masu tsada.

A ɗaya ɓangaren kuma masu bayarwa na raguwa. A ƙidayar 2011, kashi 59 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce su Kirista ne. A ta 2021 adadin ya sauko zuwa kashi 46.

Saboda haka dole aka nemi hanyar jawo wanda ba ya zuwa ibada ranar Lahadi, wato ma'aikacin ofis da ɗan yawon buɗe ido, domin shi ma ya sa hannu a aljihu.

Idan abin ya gagara, akan rufe ginin ko a sayar. Masallacin Brick Lane da ke gabashin Landan an gina shi ne a 1743 a matsayin majami'ar Kiristocin da suka yi gudun hijira daga Faransa. Daga baya ya zama wurin ibadar Yahudawa, kafin Musulmi 'yan asalin Bangladash su mayar da shi masallaci a 1976.

Taƙaddama

To sai dai ba kowane Kirista ne ya amince da mayar da wurin ibada dandalin nishaɗi ba.

A shekarar 1987 fadar Vatican ta fitar da ƙa'idoji kan kiɗa a majami'un Katolika, inda ta ce kiɗan addini ne kaɗai ya dace da wurin, kuma kada a karɓi kuɗin shiga.

A 2017 kuma an yi ta cece-kuce a Landan, bayan da shugabannin majami'ar St Sepulchre, wadda aka fi sani da majami'ar makaɗa, suka ce za su daina ba da hayar ginin ga makaɗan waje domin ba ayyukan ibada fifiko. Dubban mutane sun sa hannu a takardar koke.

Yadda abin yake a Zuru

Wannan matsala ta kuɗin gudanarwa ba baƙuwa ba ce a masarautar Zuru da ke kudancin jihar Kebbi, inda ake da Kirista masu yawa, inda kuma ba abin mamaki ba ne a samu Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya a zuriya ɗaya.

Masu wa'azin mishan na United Missionary Society sun zauna a Zuru tun a shekarun 1920, kuma daga aikinsu ne cocin UMCA ta samo tushe a yankin. Akwai kuma Katolika da sauran ɗariƙu.

A nan ma waƙa ce ke kan gaba wajen tara kuɗi, amma tsarin daban ne. Tsakar rana a ƙasar manoma lokacin gona ne ko kasuwa, babu kuma cincirindon ma'aikata masu hutun sa'a guda kamar na Landan. Don haka taron kan kasance ne a ranar Lahadi ko lokacin bukukuwa.

Mafi girma shi ne bikin godiya na kaka. Kamar yadda ake yi a majami'un sauran sassan Najeriya, mabiya kan kawo dawa da masara da kaji da awaki, suna tafe suna waƙa, sannan a yi gwanjonsu. Sau da yawa mai saye kan biya fiye da farashin kasuwa da gangan, domin ya san inda kuɗin za su.

Ƙungiyoyin Zumuntar Mata, waɗanda aka san su a duk faɗin arewa da ankonsu da kiɗan tulu da kacau-kacau, su ne ƙashin bayan irin wannan hidima. Ana rera waƙoƙin da Hausa da kuma harsunan yankin, kamar C'lela na Dakarkari, al'ummar da tun fil azal take da nata bikin girbi mai suna Uhola.

Bambancin shi ne, majami'ar Landan tana da gini amma tana neman mutane, ta Zuru kuwa tana da mutane, abin da ke hannunsu ne bai taka kara ya karya ba.

Kuma tun da kuɗin daga gona suke fitowa, duk abin da ya taɓa noma ya taɓa asusun. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi ƙananan hukumomin Sakaba da Danko-Wasagu, musamman a 2021 da 2022, sun raba manoma da dama da gonakinsu. Wanda kuwa bai girbe ba, ba shi da damin da zai kai gwanjo.

Ga Musulmin yankin, hanyar ce kawai ta bambanta, domin ba a kiɗa a masallaci. Amma duk wanda ya taɓa zama a kwamitin gyaran masallacin unguwa, ko ya halarci taron kafa gidauniya, ya san cewa idan rufi ya fara yoyo, babu mai gyara shi sai masu zama a ƙarƙashinsa.